Wayar Da Ke Aljihunmu: Ɗakunan Da Ba Mu Taɓa Leƙawa Ba

Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta da zamanin da mutumin Zangon Tafo zai yi wanka, ya sa riga, ya shiga mota zuwa Adum don kawai ya buga wa ɗan'uwansa da ke Kano ko Jidda waya ba. A shekarar 1992 ne kamfanin Mobitel ya kawo wayar hannu ƙasar nan, Spacefon ya biyo baya a 1996, kuma a wancan lokaci in ka ga mutum riƙe da ita, to ko dai babban attajiri ne ko babban ma'aikaci. Yau kuwa mai sayar da koko da ƙosai a bakin titin Mampong tana da ita, yaron makanike a Suame Magazine yana da ita, direban pragya yana da ita, har kakanninmu ma jikoki sun aiko musu da ita daga Turai da Amurka.

Amma fa akwai abin da muka lura da shi. Wayar zamani kamar babban gida ce mai ɗakuna barkatai, mu kuwa mun biya kuɗin gidan gaba ɗaya, sannan muka shimfiɗa tabarma a zaure muka tsaya nan. Kira, WhatsApp, hoto, MoMo, shi ke nan. Sashen da ake kira saitin, watau mai alamar ƙarfen nan mai haƙora, da yawanmu tsoronsa muke ji, wai kada mu taɓa wani abu wayar ta lalace.

Da a ce jin daɗi kawai muke asara, da ba mu ɓata takarda a kan wannan magana ba. To amma tun daga shekarar 2009 da MTN ya fara MoMo a Ghana, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu, waya ta zama asusu, ta zama littafin bashi, ta zama ma'ajiyar sirrin iyali. Wanda ya bar ta ba kulle, daidai yake da wanda ya bar shagonsa a Kejetia a buɗe ya tafi gida ya kwanta.

Ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Wata baiwar Allah a unguwarmu, mai sana'ar wake da shinkafa, an zare mata waya a cikin trotro a hanyarta ta dawowa daga kasuwa. Fuskar wayar a kulle take, don haka hankalinta bai tashi sosai ba, ta ce gobe ta je ofis a sake mata layi. Ashe ɓarawon bai damu da fuskar ba. Ya cire sim ya sa a wata waya. Katinta na Ghana Card yana maƙale a bayan rigar wayar, lambar sirrinta ta MoMo kuma shekarar haihuwarta ce, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin katin. Kafin isha'i jarin ya tafi. Bai tsaya nan ba, ya buɗe WhatsApp da layinta, ya bi 'yan'uwanta da ke cikin guruf ɗin dangi yana cewa tana asibiti a taimaka, wasu kuma suka tura. Duk ƙofofin da ya bi ya shiga suna da makulli a cikin wayar, kyauta, ba wanda ya taɓa nuna mata su.

Da yake yawancin wayoyinmu da Turanci suke, za mu riƙa faɗin sunan da ke rubuce a fuskar waya inda ya zama dole. Kuma tsarin Tecno da Infinix da itel da Samsung ya ɗan bambanta, saboda haka in ba ka ga abu a inda muka ce ba, a saman saitin akwai wurin bincike, ka rubuta sunan a nan zai fito.

Makullin gida yana hannun wa?

Tambaya ta farko: ranar da ka sayi wayarka a PZ, wa ya buɗe maka asusun Google, watau Gmail? Galibinmu yaron shago ne ya buɗe, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, muka karɓi waya muka yi godiya muka tafi. Wannan asusu shi ne makullin gidan duka. Da shi ake neman waya in ta ɓata, a cikinsa ake ajiye lambobin mutane da hotuna, kuma in aka wanke wayar ta koma sabuwa, sau da yawa ba za ta buɗe ba sai an sa shi. Idan ba ka san sunan asusunka da kalmar sirrinsa ba, yau ɗin nan ka sa ɗanka ko wani amintacce ya taimake ka ka canja ta, ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili da na haihuwa.

Daga nan sai ka shiga wurin lambobin mutane ka umarci wayar ta riƙa ajiye su a asusun Google, ba a kan sim ko cikin wayar ba. Ta haka ko wayar ta faɗa kwata, lambobin abokan cinikinka suna nan, da ka sa asusun a sabuwar waya za su dawo. Google yana ba kowane asusu wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Kejetia ta watan Maris 2023, da ta Adum Blue Light ta watan Maris 2025, ya san cewa wuta ba ta barin takarda. Ɗan kasuwa mai dabara yakan ɗauki hoton shafukan littafin bashinsa duk ƙarshen mako, ya bar manhajar Google Photos ta adana masa su.

Ƙofofi huɗu da za a kulle

Ta farko ita ce fuskar waya. Zanen da ake ja da yatsa mai kamar harafin L ko Z, yaron da ke zaune kusa da kai a mota kallo ɗaya zai yi ya haddace. Gara lambobi 6 waɗanda ba shekarar haihuwarka ba, ba kuma ƙarshen lambar wayarka ba, sannan ka haɗa da zanen yatsa in wayar tana da shi.

Ta biyu ita ce sim, kuma ita ce aka fi mantawa. A sashen tsaro na saitin akwai wurin da aka rubuta "SIM lock". In ka kunna shi, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka sa sim ɗin a wata waya, sai an sa lambar sirri kafin ya yi aiki. Amma a yi hattara: za a fara tambayarka lambar da kamfani ya sa tun asali, kada ka yi ta cinke. In aka yi kuskure sau 3 sim zai kulle sai da wata lamba mai suna PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, in kuma aka yi kuskuren PUK sau 10 sim ya mutu ke nan. Wanda ya yar da katin, ya je ofishin kamfaninsa da Ghana Card a yi masa a can.

Ta uku, saƙonnin da ke bayyana a fuskar waya tana kulle. Mutum zai iya karanta lambar sirrin da banki ko WhatsApp ya aiko maka ba tare da ya buɗe wayar ba. A sashen sanarwa na saitin ka zaɓi a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa har sai an buɗe.

Ta huɗu ita ce WhatsApp kanta. Tun shekarar 2017 take da makulli na biyu mai suna "Two-step verification", a sashen asusu na saitinta. Za ka zaɓi lambobi 6 na kanka, ka kuma sa adireshin imel don ranar mantuwa. Daga ranar, ko wani ya mallaki layinka ba zai buɗe WhatsApp ɗinka nan take ba. In kuwa ɗan damfara ya riga ka sa wannan makulli, za ka iya yin kwana 7 kana jira kafin ka karɓo kayanka, shi kuwa yana ta roƙo da sunanka. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce za a yi taron guruf ko addu'a ta intanet, ka karanto masa lambar da aka turo maka, to ɓarawo ne, ko da ya yi maka sallama da Larabci mai daɗi. Har ila yau ka leƙa wurin da aka rubuta "Linked devices", in ka ga wata na'ura da ba ka sani ba a jone da asusunka, ka cire ta.

In ƙaddara ta faɗa

Rigakafi ya fi magani, amma wani lokaci sai an yi maganin. Tun waya tana hannunka ka danna *#06#, wasu lambobi 15 za su fito, su ake kira IMEI. Waya mai sim biyu tana da guda biyu. Ka rubuta su tare da kalmar sirrin nan, domin su 'yan sanda za su tambaye ka.

Wayoyin Android suna da hanyar neman waya ta Google, wadda da ake kira Find My Device, a 2025 aka mai da sunanta Find Hub. In tana kunne, kuma wayar tana kan intanet, daga wayar wani za ka shiga da asusunka ka ga inda take a taswira, ka sa ta yi ƙara na minti 5 ko da an rufe mata murya, ka kulle ta, ko ka share duk abin da ke ciki. A watan Oktoba 2024 Google ya ƙaro wata dabara a sashen "Theft protection", wadda ke kulle fuskar waya da kanta in ta ji alamar an fizge ta an ruga da gudu. Ba kowace ƙaramar waya ke da ita ba, amma dubawa ba ta cin kuɗi. Shawararmu ita ce, in taswira ta nuna maka gidan da wayar take, kada ka tara samari ku je, ka kai wa 'yan sanda.

Abu mafi gaggawa dai shi ne toshe layi. Ka ari wayar wanda kuke kamfani ɗaya ka kira 100 nan take, kada ka ce sai gobe. Bayan rajistar sim da Ghana Card da aka fara a watan Oktoba 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta fito da lambar *402*1# don mutum ya ga layukan da aka yi rajista da katinsa. In ka ga layin da ba naka ba, ka je ofis a cire shi. Wanda aka damfara ta waya ko intanet kuma, hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana karɓar ƙara a lamba 292, ta kira ko ta saƙo. Ghana Card kuwa, a raba shi da rigar waya.

Kuɗi da mutunci

Ƙa'ida ɗaya ta isa ta tsare MoMo: ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi, sai don fitar da su. In wani ya kira yana kuka wai ya turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka dogara da saƙon da ka gani, ka danna *170# in kana MTN, ko *110# in kana Telecel ko AT, ka duba abin da ke asusunka da idonka. Kada kuma ka miƙa wa mai MoMo wayarka ka faɗa masa lambar sirri a gaban layin mutane.

Sai manhajojin bashi, waɗanda suka zubar da mutuncin mutane da dama. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen guda 97 da ba su da lasisi. Yadda suke yi shi ne, ranar da ka sauke manhajar za ta nemi izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka, kai kuwa kana sauri ka danna amincewa. Ranar da biya ya yi jinkiri, sai surukinka da limaminku su sami saƙon cin mutunci. A saitin akwai wurin da ake kira "Permission manager", inda za ka ga kowace manhaja da abin da ka ba ta izini: lambobi, saƙonni, kyamara, makirufo, inda kake. Mene ne haɗin manhajar tocila da lambobin mutanenka? Ka janye izinin.

Data da batir

Kowa yana kukan bandul ba ya daɗewa. Kafin mu zargi kowa, mu duba gida. A sashen data na saitin wayar za ta jera maka manhajojin da suka fi ci, daga babba zuwa ƙarami. A nan ne kuma za ka kunna "Data Saver", wanda ke hana manhajoji shan data a ɓoye alhali wayar tana aljihu, kana kuma iya sa iyaka ta yadda za ta gargaɗe ka in ka kai wani adadi.

Babban mai ci shi ne guruf. Guruf ɗin dangi, na tsofaffin 'yan makaranta, na unguwa, na biki, kowanne yana zubo bidiyo, wayar kuma tana saukewa ba da saninka ba. A saitin WhatsApp, sashen ajiya da data, ka cire alamar da ke kan hoto da bidiyo da murya, sai abin da ka taɓa da hannunka zai sauka. A wannan sashe akwai maɓallin rage cin data lokacin kira, mai amfani ga masu doguwar hira da 'yan'uwa a Legas ko Italiya, akwai kuma wurin da ke tattaro maka duk abin da ya wuce megabait 5 don ka share, waya ta sami numfashi. A sashen sirri kuma kana iya hana baƙo jefa ka cikin guruf, ka kuma sa kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru. Play Store ma ka umarce shi kada ya sabunta manhajoji sai an sami wayfai. Alhazai su tuna su kashe datar yawo kafin jirgi ya sauka.

Batir kuwa, mu da muka sha dumsor a 2015 mun san darajarsa. Hasken fuska shi ya fi cin caji, a rage shi. Akwai yanayin tattalin batir, wayoyi da yawa ma suna da mai tsanani wanda ke barin kira da saƙo kawai. Zafi yana kashe batir, saboda haka kada a yi caji a ƙarƙashin matashi ko a bar waya a gaban mota da rana. Kuma wayoyinmu da yawa suna da rediyon FM a ciki, ka sa abin kunne mai igiya ka saurari Zuria FM ba tare da ka ƙona data ko ta fesuwa ɗaya ba.

Rabon dattawa

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne wannan. Baba ko Mma da ido ya yi rauni, a sashen fuska na saitin ana ƙara girman rubutu, a sashen "Accessibility" kuma akwai madubin ƙara girma, da wata dabara da ke karanta rubutun Turanci da murya. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ ɗinmu, ba sai mun rubuta kasa muna nufin ƙasa ba. A watan Oktoba 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa da Twi cikin harsunan da mutum zai yi magana waya ta rubuta. Manhajar Google Translate tana da Hausa tun 2013, Twi kuma tun 2022, kana iya haska takardar makaranta da kyamara ta fassara maka. Sai dai takan yi kuskure, don haka takardar asibiti ko ta kotu a kai wa wanda ya sani. Sabunta katin inshorar lafiya na NHIS kuma, tun ƙarshen 2018 ana yi ta *929#, ko da 'yar ƙaramar wayar nan mai maɓallai da muke kira yam, ba sai tsohuwa ta wuni a layi ba.

Masallaci da ranar gaggawa

Wa bai taɓa jin waƙa ta tashi daga aljihun wani ana tsakiyar huɗuba ba? Akwai "Do Not Disturb", wanda ake sa wa jadawali: kowace Juma'a daga ƙarfe kaza zuwa kaza wayar ta yi shiru da kanta, ta kuma dawo da kanta. Kana iya ware mutanen da kiransu zai shigo duk da haka, ko ka bar wanda ya sake kira cikin minti 15 ya samu.

Daga ƙarshe, a sashen gaggawa ka rubuta sunanka, rukunin jininka, ciwon da kake fama da shi kamar suga ko hawan jini, da lambar wanda za a kira. In hatsari ya faru aka kai mutum asibitin Tafo ko Komfo Anokye ba ya iya magana, ma'aikata za su iya ganin wannan ba tare da buɗe wayar ba. Wayoyin da ke da Android 12 zuwa sama, in an kunna musu, danna maɓallin kunnawa sau 5 a jere yana kiran agaji. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma ba ta wasan yara ba ce.

Jama'a, duk abin da muka lissafa bai fi aikin rabin awa ba. Wanda ya ga sun yi masa yawa, ya fara da uku a daren yau: kalmar sirrin Google, makullin sim, da makulli na biyu na WhatsApp. Muna kira ga samari da 'yan matan Zango, ku da kuka san kan waya, ku zauna da iyayenku ku nuna musu, amma ku bar su su danna lambar sirrinsu da hannunsu, ku kau da kai. Muna kuma roƙon malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin mata su ware lokaci kaɗan a taronsu don wannan. Baiwar Allah da muka ba da labarinta ta koma bakin tukunyarta da taimakon 'yan'uwa, kuma yanzu ita ke tambayar masu sayen abincinta ko sun kulle sim ɗinsu. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.